Hoton Sati na Sittin da Uku

Shafi na 19

Masu cika mini waya da "Baba a ƙara, Baba a ƙara," na gani. Da yatsa ɗaya nake rubutu, yatsan kuma ya tsufa. Wadda ta ce in sa soyayya a ciki, ki nemi wani shafin. Sabbin zuwa, sau ɗaya zan maimaita.

Ni mai hoto ne, shekara arba'in da ɗaya ina yi. Babban zauren wasanni, mai cin mutum dubu tara, na ɗauke shi tun yana rami. Sati tamanin da takwas aka yi ana gininsa. Kowane sati ina tsayawa wuri ɗaya, inda dandamali yake a yau, in ɗauka sau uku. Ina jingine ƙaramin allo a gefe, in rubuta lambar satin da alli, ya fito a cikin hoton. Ban taɓa goge katin kyamara ba. Kowane sati da katinsa, kowane kati da ambulan ɗinsa.

Da aka buɗe zauren suka riƙe ni. Mawaƙa, 'yan kokawa, masu ban dariya, duk sun bi ta gaban kyamarata. Shekara shida.

Bana aka jera hotunan ginin a barandar shiga. Na yanke allon daga jikinsu don su yi kyau, na rubuta lamba a ƙasa da hannuna. Jiya wata mata daga hukumar duba gine-gine ta tsaya gaban guda uku, ta daɗe. Ta ce in kawo mata na asali yau.

A nan muka tsaya.

*

Ƙarfe biyu da rabi na rana na iso. Wasa sai ƙarfe huɗu, amma layi ya riga ya zagaye ginin. Mawaƙin yau irin wanda yara ke suma idan sun gan shi ne. An ce ko tikiti ɗaya bai rage ba, abin da ba a taɓa yi ba.

Na bi ta barandar shiga. Gurbi uku a bango, ƙusoshi tsirara. Sittin da ɗaya, sittin da biyu, sittin da uku.

Na taɓa aljihun ƙirjina. Ambulan ukun suna nan.

Na hau benen 'yan kallo, wurin aikina. Layi biyar na gaba, kujera ɗari shida, jar igiya ce ke kewaye da su tun ranar buɗewa. Ba mai zama a nan sai ni da kyamarata. An ce don kada a tare mini gani. An ce girmamawa ce.

Yau babu igiyar. An manna lamba a kowace kujera.

Mai gadi ya tare ni.

"Baba, Manaja ya ce yau ba nan ba. Ɗakin fitilu."

"Wa ya cire igiyata?"

"Ni dai aiko ni aka yi, Baba."

Ɗakin fitilu can yake dab da rufi, a jikin bangon gefe. Matakala hamsin da huɗu. Ƙofa ɗaya, ta ƙarfe. Gilashi mai kauri yana kallon zauren: dandamali a hagu, bene a dama, da ginshiƙai takwas da ke ɗauke da shi, duk an lulluɓe su da farin tayil. Ba taga. Mutum huɗu sun isa su cika ɗakin.

Mai fitilu yana zaune gaban teburinsa. Ƙwai muke ce masa, saboda kansa. Shi kuma Ido Ɗaya yake ce mini, wai bai taɓa ganin idona na hagu a buɗe ba.

"Ido Ɗaya! Yau an sauke ka daga mulki?"

"Rufe kanka, yana kashe mini ido."

"Baƙin ciki kake. Kai da ka tara gashin, me ya tsinana maka?"

Ban kai ga amsa ba aka turo ƙofa.

Manaja ne. Ma'aikata Ba Matsala suke kiransa a bayan idonsa, don ko wuta ta kama rigarsa abin da zai ce ke nan. A bayansa akwai ɗana.

Babban ɗana. Shi ya kula da ginin nan daga tushe har rufi. Tun da ya gama karatu nake kiransa Injiniya, don bakina ya ji daɗi. Ni ajina uku a makaranta. Shi na kai shi har ƙarshe.

Bai gaishe ni ba. Ya tsaya jikin bango yana kallon takalminsa.

"Baba Mai Hoto," in ji Manaja. "Sannu da hawa. Ba matsala, magana ce 'yar ƙarama."

"Ina hotunana uku?"

"Suna ofis. Ƙura suka yi."

"Uku kawai suka yi ƙura, cikin tamanin da takwas?"

Ƙwai ya yi tari ya juya kujerarsa.

Manaja ya yi murmushin yaƙe.

"Baba, matar nan ta hukuma za ta dawo yau. Za ta tambaye ka. Abin da za ka ce mata kaɗan ne. Lambobin sun rikice maka."

"Wane lambobi?"

"Wanda ka rubuta sittin da biyu, a gaskiya na baya ne, lokacin ba a gama ginshiƙan ba. Shi ya sa ta ga shida. Ka haɗa su ba daidai ba. Shekaru ne, Baba. Kowa zai fahimta."

Na ajiye jakata a hankali.

"Ni na rikita lamba?"

"Ba laifi ba ne."

"Yaro, lokacin da na fara wanke hoto a ɗakin duhu, ana goya ka. Ban taɓa ba amarya hoton wata amaryar ba. Yau ni ne zan ce na ruɗe?"

"Kalma biyu ce, Baba. Na manta. Shi ke nan. Sai ka ba ni katunan in adana maka."

"Katunana ba sa kwana a gidan kowa."

Ya juya wajen ɗana.

"Injiniya, yi wa mahaifinka bayani. Ni da baƙi a ƙasa."

Ya kama ƙofa, sai ya waiwayo.

"Ƙwai, kana da ruwa a nan?"

"Da akwai."

"To ba matsala. Ba mai fita sai an tashi."

Ya ja ƙofar. Muka ji mukulli ya juya sau biyu.

Ƙwai ya miƙe ya girgiza ta. Ko gezau.

"Kai! Ni me na yi? Ni da fitsari ke kama ni duk rabin awa!"

Ba wanda ya yi dariya. Na ciro waya. Babu layi. Idan mutum dubu tara suka taru wuri ɗaya, waya dutse take zama.

Na zauna kan akwatin kaya. Na dubi ɗana.

"Ina jin ka."

Shiru.

"Bakinka ciwo yake?"

"Baba, ka taɓa duba hotunan nan uku da kyau?"

"Ni na ɗauka."

"Na san kai ka ɗauka. Ka duba?"

Gaskiya ban duba ba. Ni haske nake dubawa, da inuwa, da ko allo ya fito. Ban taɓa ƙirga ginshiƙi ba. Wa ke ƙirga ginshiƙi?

"Faɗi," na ce.

"Sati na sittin da ɗaya, ginshiƙi takwas. Da muka cire katakon zubi, biyun tsakiya sun tsage. Kankaren bai haɗu ba, yashi ya yi yawa. Na sa aka fasa su don a sake. Shi ne sittin da biyu, da ta ga shida."

"To ai daidai ka yi."

"Sakewa na son sati biyar. A tokare bene, a ɗaure rodi, a zuba, a jira ya bushe. Bayan haka sauran aikin ya biyo. Mai zauren ya ce an riga an sanar da ranar buɗewa, ba zai ɗaga ba. Ya ce a rufe wurin, bayan biki a gyara."

"Aka gyara?"

Ya girgiza kai.

"Me ke cikinsu?"

"Bututun ƙarfe. Bibbiyu. Kaurinsu bai kai cinyarka ba. Aka kewaye da katako, aka manna tayil."

Ƙwai ya leƙa ta gilashi.

"Na huɗu da na biyar?"

"Su."

"Innalillahi. Ni fa jikin na huɗu nake jingina in ci abinci."

Ɗana ya ci gaba, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Hoton sittin da uku shi ya tsayar da matar. Ta ga kafintoci a gindin ginshiƙi. Ba magini ko ɗaya. Kafinta ba ya gina ginshiƙi, Baba."

"Wa ya sa hannu cewa an gama?"

Ya kau da kai.

"Da kai nake."

"Ni."

Na dafa gwiwa.

"Shekara shida benen yana tsaye," na ce. "Ko ƙura bai zubar ba."

"Saboda gaban benen ba ya ɗaukar kowa. Nauyin gaba a kan biyun nan yake sauka. Muddin layi biyar ɗin nan babu mutane, zai tsaya."

Na ɗago.

"Layi biyar."

"Eh."

"Igiyata."

Ya runtse ido.

"Ni na kawo shawarar. Dole a sami dalilin da za a hana mutane zama a wurin, dalilin da ba wanda zai yi tambaya. Na ce a bar wa mai hoto. Tsoho ne, shi ya ɗauki ginin tun yana rami, a girmama shi."

Ƙwai ya cire abin kunnensa na magana da 'yan dandamali ya ajiye a kan tebur, kamar mai tsoron ya yi ƙara.

Shekara shida. Ina hawa benen nan da sabuwar riga. Masu gadi suna ɗaga mini igiya. Manyan mutane suna zaune a baya, ni kaɗai a gaba. Na kai abokaina sun gani. Na kai uwarsa ta gani, ta yi hawaye, ta ce ɗanmu ya fitar da mu kunya.

"Ashe ni ne igiyar," na ce.

"Baba..."

"Ashe dutse ka mai da ni, ka danne takarda kada iska ta ɗauka."

"Wallahi na so girmama ka ma. Duka biyun ne."

"Rufe mini baki."

Ya rufe.

"Ka ajiye ubanka a kan ginshiƙin katako shekara shida."

"Nauyin mutum ɗaya ba komai ba ne. Na lissafa."

"Ka lissafa ni."

Ƙwai ya ce, "Ido Ɗaya, sha ruwa."

"Ba na sha."

Na tashi na tsaya gaban gilashi. Ƙarfe uku da kwata. An buɗe ƙofofi. Mutane na kwararowa ta ko'ina, da gudu, da ihu.

"Yau me ya sa aka cire?" na tambaya, ban juyo ba.

"Mai zauren ya ce ba zai bar kujera ɗari shida a banza ba a rana irin ta yau. Na roƙe shi. Na roƙi Manaja. Suka ce in na yi magana, sa hannuna ne a takarda, ba nasu ba."

"Zai ɗauka?"

"In suna zaune, wataƙila."

"In sun tashi?"

"Wataƙila."

"In sun yi tsalle?"

Ya sunkuyar da kai.

Ƙwai ya ce, "Wannan mawaƙin? Ko a jana'iza ya yi waƙa sai gawa ta yi tsalle."

Ya ɗauki abin kunnensa ya danna.

"Dandamali, kuna ji na? Ƙwai ne. Ku gaya wa mutanen mawaƙi kada a tayar da na bene. Kuna ji? Maganar rai ce."

Ya saurara. Fuskarsa ta canza.

"Wai Manaja ya ce musu yau na sha wani abu, kada a kula ni. Ni! Ni da ko shayi mai kauri ba na sha! Sun kashe layin."

Na buɗe jaka. Na kafa kyamara a kan ƙafarta, na ɗaura dogon gilashi mai jawo nesa. Hannuna ne ya yi, ba ni ba.

Na duba wurina.

Wani mutum da 'ya'yansa mata biyu, ƙaramar da tabarau, tana zaune daidai inda nake kafa kyamara. Wasu samari bakwai, riga iri ɗaya. Wata mai ciki tana fifita da tikitinta, mijinta na riƙe mata jaka. Layi na ɗaya ya cika. Na biyu ya cika.

Na sauke gilashin ƙasa. Ƙarƙashin benen ma fal. Wata yarinya ta jingina da ginshiƙi na biyar, ta karkata kai, ƙawarta na ɗaukarta da waya.

Na danna. Na sake dannawa.

"Baba, hoto kake ɗauka? Yanzu?"

"Abin da na iya ke nan. Kai me ka iya?"

Ya zame jikin bango ya tsuguna.

"Baba, ka ji ni. Yau kawai. Ka ce mata ka manta. Allah zai sa a tashi lafiya. Gobe da kaina zan sa a rufe, in kawo magina. Na yi maka alkawari."

"Shekara shida goben nan ba ta zo ba."

"In katin nan ya shiga hannunta, ɗaure ni za a yi. Ba kora ba, ɗauri. Me za ka gaya wa Inna?"

"Kai me ka gaya mata ranar da ta yi kuka a kan igiya?"

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Sau uku, da ƙarfi.

"Baba Mai Hoto? Kana ciki?"

Muryar mace. Ita ce, matar hukuma.

Ɗana ya miƙe zumbur. Ya sa yatsa a baki, yana roƙona da ido.

"Baba, mai gadi ya ce nan aka kawo ka. Manaja kuma ya ce mini ka tafi gida, wai kanka ba daidai ba, wai kwanan nan kana mantuwa."

Ƙwai ya dube ni. Ya san abin da kalmar nan za ta yi mini.

"Ina ciki, 'yata," na ce. "Kaina kuma daidai yake."

"Buɗe mini."

"An kulle mu ta waje."

Ta girgiza ƙofar.

"To saurara, Baba, lokaci ya ƙure. Ina zargin wani abu a ginshiƙan tsakiya. Na nemi a hana hawa bene, an nuna mini takarda da sa hannun injiniya. Shugabana ya ce ba zai tsayar da taron mutum dubu tara a kan zato ba. Sai da shaida. Manaja ya ce hotunanka a rikice suke. Gaskiya ne?"

"Ƙarya ne."

"Kana da abin da zai nuna?"

"Na asali suna da allo a ciki. Lambar sati da alli."

"Suna wurinka?"

Na sa hannu a aljihu. Ɗana ya riƙe mini hannun riga. Tun yana ɗan shekara biyar rabon da ya yi haka.

Ƙwai ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Ido Ɗaya, yaron nan yana cikin hoton?"

Ɗana ne ya amsa.

"Sittin da uku. Na tuna. Ina tsaye kan kafintocin. Baba ya ce in juyo, na juyo."

Na tuna ni ma. Na ce masa ya gyara hular kwanonsa, uwarsa za ta gani.

"To ai da sauƙi," in ji Ƙwai. "Sau uku kake ɗauka. Sa katin a kyamara, ka goge wanda fuskarsa ta fito, ka ba ta sauran. Sa hannu kuwa, ya ce kawo masa aka yi a ofis, bai ga wurin ba. Jama'a su tsira, yaro ya tsira."

Ɗana ya dube ni kamar mai nutsewa.

Shekara arba'in da ɗaya ban goge hoto ba. Ko wanda ya yi duhu. Ko wanda yatsana ya shiga.

"Baba?" in ji matar. "Kana ji na?"

"Ba ni minti ɗaya."

Na yage ambulan na sittin da uku. Na cire katin yau, na sa shi.

Na farko. Kafintoci huɗu, sun tare gindin ginshiƙin da jikinsu. Allo ya fito. Ba a ganin komai a bayansu.

Na biyu. An ɗaga faffaɗan katako, ya rufe wurin. Ba a ganin komai.

Na uku. Kafintocin sun ja gefe don kada su shiga hoton oga. Ɗana a tsakiya, farar hula, yana dariya. Kusa da kafaɗarsa ginshiƙin a buɗe. Bututu biyu, siri-siri, da sarari tsakaninsu har ana hango bangon baya.

Na juya kyamarar suka gani.

Ƙwai ya ja da baya ya zauna.

"Shi kaɗai ne ya nuna cikin," ya ce.

"Shi kaɗai."

"Yanke shi mana. Ka yanke yaron."

"A kan kati ba a yanka. In na taɓa shi ya daina zama na asali. Manaja abin da yake jira ke nan."

Ɗana ya durƙusa. Mutum mai shekara arba'in da huɗu, da furfura a gemu.

"Baba, yarana uku. Ƙaramin bai fara tafiya ba. Ka goge. Ka ba ta biyun, ta yi abin da za ta iya da su."

"Biyun ba za su sauke kowa daga bene ba."

"Baba, ni ɗanka ne."

Na sa yatsa a kan maɓallin gogewa. Kyamara ta tambaye ni ko na tabbata.

Ban tabbata ba. Ku da kuke karantawa a kan katifa, kada wanda ya ce mini da shi ne da bai tsaya ba. Na tsaya. Na daɗe. Ina kallon dariyar nan tasa. Rabon da in ga ya yi irinta, shekara shida, sai yanzu na lura.

A ƙasa aka fara buga ganga. Gilashin gabanmu ya ɗauki rawa.

"Tashi," na ce masa.

Bai tashi ba.

"Tashi ka leƙa. Ka zaɓo mini wanda ba ɗan kowa ba ne a cikinsu, in goge."

Bai leƙa ba. Ya kifa kansa a kan akwatin.

Na cire katin. Na mai da shi ambulan. Na haɗa ukun. Gwiwata ba ta son durƙuso, amma na durƙusa. Ƙasan ƙofar akwai 'yar tazara, kaurin yatsa.

Na tura.

Na ji ta ja su daga can.

"Sittin da uku, hoto na uku," na ce. "Ki duba gefen dama."

Na ji ta buɗe jaka, na ji ƙarar na'urarta. Sai ta ja numfashi.

"Ya Allah. Baba, wannan mai farar hular, ka san shi?"

Na dafa ƙofar.

Daga bayana muryar ɗana ta fito, a shaƙe.

"Ni ne. Ina nan ciki. Ni na sa hannu. Ki sauke su, don Allah. Layi biyar na gaba tukuna, a hankali, kada a ce musu komai. Sannan na ƙasa."

"Shugabana yana ƙofar gabas da jami'an tsaro," ta ce. "Waya ba ta shiga, sai na je da ƙafa. Minti goma. Kada ku bari a tayar da su."

Muka ji takunta tana sauka da gudu.

Minti goma. Ƙarfe huɗu saura kwata. Na ce a raina, za ta kai.

Sai zauren ya fashe da ihu.

Mawaƙin da bai taɓa fitowa kan lokaci ba, yau ya fito da wuri. Ga shi a tsakiyar dandamali, farin kaya, hannu sama.

Ɗana ya taso ya manna fuska a gilashi.

"Ƙwai, kunna fararen fitilu! Duka! Su san wani abu ya faru!"

Ƙwai ya tura maɓallai da tafin hannu biyu. Zauren ya yi fari fat, kamar tsakar rana.

Jama'a suka ɗauka cikin wasan ne. Ihun ya ninka.

Mawaƙin ya yi dariya, muryarsa ta cika lasifika.

"Yawwa! Mai fitila ya ce in gan ku da kyau! Na sama, kuna nan?"

Bene ya amsa.

"Ban ji ba! Na sama, ku tashi tsaye!"

Suka tashi. Mutum ɗari shida a wurina, da dubu biyu a bayansu. Mai tabarau ta hau kan kujera, ubanta ya riƙe ta.

Na buga gilashi da hannu. Ɗana ya buga. Ko kanmu ba ma ji.

"In na ƙirga uku," in ji mawaƙin, "ina so ginin nan ya san mun zo! Kowa sama!"

Ƙwai ya yi tsalle zuwa bangon baya. Ya fizge murfin wani jan akwati. A ciki akwai hannun ƙarfe, tsawon kamu ɗaya.

"Wannan yana ɗauke wutar zauren gaba ɗaya," ya ce. "Har lasifika. In na ja, bakinsa ya mutu."

"Kada ka ja!" in ji ɗana. "Ba taga a zauren nan. Duhu zai rufe su, su ruga matakala, su tattake juna!"

"In ban ja ba fa?"

Ɗana ya juya ya dubi benen.

"Ɗaya!" in ji lasifika.

Ƙwai ya kama ƙarfen da hannu biyu. Zufa na gangarowa daga kansa. Ya juyo gare ni, ba wasa a fuskarsa, karo na farko tun da na san shi.

"Baba, kai ne babba a ɗakin nan. In ja?"

"Biyu!"